Gidan da Ake Shiga Don a Fita: Tarihin John Mayall da Ƙungiyar Bluesbreakers

Gabatarwa

Tsakanin Afrilun 1965 da Yunin 1969 wasu samari uku masu kaɗa jita suka bi ta cikin ƙungiyar kiɗa guda a birnin Landan, ɗaya bayan ɗaya. Na farkonsu, Eric Clapton, ya fita ya kafa Cream tare da abokansa biyu. Na biyu, Peter Green, ya fita ya kafa Fleetwood Mac. Na uku, Mick Taylor, ya fita ya shiga Rolling Stones. Waɗannan ƙungiyoyi uku sun cika filayen wasa, sun sayar da miliyoyin faya-fayai, sunayensu kuma sun zagaya duniya. Mutumin da ya ɗauki samarin aiki, ya biya su albashin mako, ya buɗe musu ɗakin faya-fayansa su saurara, shi ne John Mayall, ƙungiyarsa kuwa Bluesbreakers. Sunansa bai taɓa kai nasu amo ba.

An saba ba da tarihin Mayall a matsayin share fagen tarihin wasu. Wannan maƙala ta bi ƙungiyar ne tun daga kafuwarta a 1963 har zuwa rasuwar mai ita a 2024, domin amsa tambaya guda: ta yaya ƙungiyar da manyan makaɗanta ke barinta kusan kowace shekara ta daɗe fiye da yawancin waɗanda suka kwashe mata mutane? Amsar tana cikin yadda Mayall ya fahimci aikinsa. Ya ɗauki ƙungiya a matsayin gidan sana'a, inda zuwan yaro da tafiyarsa duk cikin tsarin gidan suke.

Asalin kiɗan da hanyarsa zuwa Ingila

Kiɗan buluz na baƙaƙen fatar kudancin Amurka ne, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. Ya tsiro a gonakin auduga na yankin Misisipi da maƙwabtansa wajen ƙarshen ƙarni na 19, mawaƙi ɗaya da jitarsa yana rera kukan talauci da rabuwa da zalunci. Masanin kiɗa Gerhard Kubik, a littafinsa na 1999 kan Afirka da buluz, ya danganta wasu siffofin wannan kiɗa, irin su jan murya da lanƙwasa sauti, da salon waƙar yankin sabana na Afirka ta Yamma, har ya kawo kiɗan gogen Hausawa cikin misalansa. Da baƙaƙen fata suka yi ƙaura zuwa biranen arewacin Amurka neman aikin masana'antu, kiɗan ya bi su. A Shikago aka haɗa jita da lantarki, aka ƙara ganguna da fiyano, ya zama kiɗan gidajen rawa a hannun irin su Muddy Waters da Howlin' Wolf.

Ingila ta karɓi kiɗan ta hanyar faya-fayai da kuma ziyarar masu shi. A 1958 Muddy Waters ya yi rangadin ƙasar bisa gayyatar makaɗin jaz Chris Barber, ƙarar jitarsa ta lantarki ta girgiza masu sauraren da suka zaci tsoho za su gani da jitar katako. Alexis Korner da Cyril Davies suka kafa Blues Incorporated, a 1962 kuma suka fara wasa a wani ƙaramin kulob da ke unguwar Ealing. A wannan ɗaki na ƙarƙashin ƙasa samarin da za su zama Rolling Stones suka riƙa haɗuwa. Korner ɗin nan ne ya shawo kan wani mai zanen tallace-tallace daga Manchesta ya bar aikinsa ya zo Landan.

Mutumin Macclesfield

An haifi John Mayall ranar 29 ga Nuwamban 1933 a garin Macclesfield, kudu da Manchesta. Mahaifinsa makaɗin jita ne mai tara faya-fayan jaz, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yaron ya koya wa kansa fiyano da jita da hamonika, wato 'yar sarewar nan da ake busawa a tafin hannu. Ya yi aikin soja na dole a Koriya, a lokacin wani hutu kuma ya sayi jitarsa ta lantarki ta farko a Japan. Da ya dawo ya yi karatu a kwalejin zane ta Manchesta, ya kama aikin zane, yana kiɗa da daddare da ƙarshen mako.

Wannan tarihi yana da muhimmanci domin shi ya bambanta Mayall da sauran. Lokacin da ya isa Landan a 1963 yana gab da cika shekara 30, magidanci ne mai iyali, ya san horon bariki, ya san aikin ofis. Da yawa daga cikin waɗanda zai ɗauka aiki kuwa 'yan shekara 17 zuwa 20 ne. Tazarar shekara goma sha wani abu ta sa ya zame musu ubangida tun daga ranar farko. Shi ke neman wurin wasa, shi ke zaɓen waƙoƙi, shi ke raba kuɗi, shi ke sallama. An san shi da ƙin shaye-shaye a bakin aiki a waɗannan shekaru, ya kuma sha korar makaɗa a kan haka. Fuskar faya-fayansa ma sau da yawa shi ya zana da hannunsa.

Cikin waɗanda ya fara ɗauka akwai John McVie, yaro ɗan shekara 17 da ke koyon aiki a ofishin haraji, yana kaɗa jitar bes, mai kaurin murya da ke riƙe ƙasan kiɗa. McVie bai san buluz ba. Mayall ya ba shi tarin faya-fayai ya ce ya je ya saurara. Wannan ita ce hanyar koyarwarsa har ƙarshen rayuwarsa: a saurari masu abin, a hau dandamali, a koya a gaban jama'a. A 1964 ƙungiyar, da Roger Dean a jita da Hughie Flint a ganguna, ta raka John Lee Hooker a rangadinsa na Ingila. Hooker ba ya bin lissafin da ke cikin littafi, yakan sauya sauti lokacin da ransa ya so, dole mai raka shi ya kasa kunne. A Disamban shekarar aka ɗauki faifansu na farko kai tsaye a kulob ɗin Klooks Kleek. Bai yi kasuwa ba, kamfanin Decca kuma ya sallame su.

Shekarun jita uku

A Maris na 1965 Eric Clapton ya bar ƙungiyar Yardbirds domin yana ganin ta karkata ga waƙoƙin neman kasuwa. Wata guda bayan haka Mayall ya ɗauke shi, ya kuma ba shi ɗaki a gidansa. Clapton yana ɗan shekara 20, ya shafe watanni yana bin faya-fayan maigidansa ɗaya bayan ɗaya, yana kwaikwayon Freddie King da Otis Rush da Buddy Guy. Cikin ɗan lokaci masoyansa suka fara rubuta sunansa a bangon unguwanni da kirarin da ya wuce matsayin ɗan Adam. Duk da haka a watan Agusta ya tattara ya tafi Girka da wasu abokai, ya bar ƙungiyar tana faɗi-tashin neman madadi. Da ya dawo a Nuwamba Mayall ya mayar da shi gurbinsa ba tare da dogon zance ba.

Sakamakon wannan haƙuri shi ne faifan Blues Breakers with Eric Clapton, wanda ya fito a Yulin 1966 bayan furodusa Mike Vernon ya shawo kan Decca ta sake karɓarsu. Clapton ya haɗa jita ƙirar Gibson Les Paul da na'urar ƙara sauti ta Marshall, ya nace sai an ɗauki kiɗan da irin ƙarar da yake yi a kulob, abin da injiniyoyin sutudiyo na lokacin ba su saba da shi ba. Sautin ya fito da kauri da tsawon numfashi, jita tana jan murya kamar mai kuka. Wannan sauti shi ya zama ma'aunin abin da ake kira buluz rok. Faifan ya kai matsayi na 6 a jerin waɗanda aka fi saye a Birtaniya, abin mamaki ga faifan da rabinsa waƙoƙin Otis Rush da Freddie King da Robert Johnson da ire-irensu ne. A jikin kwalinsa an ga Clapton yana karanta mujallar barkwanci ta yara mai suna Beano, har yau kuma da wannan suna masoya ke kiran faifan.

Kafin faifan ya shiga kasuwa Clapton ya riga ya ƙulla da Ginger Baker da Jack Bruce, wanda shi ma ya ɗan taɓa zama a Bluesbreakers, sun kafa Cream. A nan ne halin Mayall ya fara bayyana. Ya nemo Peter Green, ɗan gabashin Landan mai shekara 19, wanda ya taɓa riƙe gurbin na 'yan kwanaki lokacin tafiyar Girka. Vernon ya sha ba da labarin yadda ya shiga sutudiyo ya tarar babu Clapton, Mayall kuma ya kwantar masa da hankali cewa sun samu wanda ya fi shi. Green bai yi gasar sauri da wanda ya gada ba. Salonsa na tauna sauti ne, ya kaɗa tsirkiya ɗaya ya bar ta tana amo har ta mutu. Ana jin wannan a kiɗansa The Supernatural da ke cikin faifan A Hard Road na Fabrairun 1967, inda Aynsley Dunbar ya riƙe ganguna.

Bayan Dunbar, Mick Fleetwood ya zo ya yi 'yan makonni aka sallame shi saboda shaye-shaye. A wannan ɗan tsakani Mayall ya ba Green kyautar lokacin sutudiyo, Green ya shiga da Fleetwood da McVie suka ɗauki wani kiɗa, ya raɗa masa suna daga sunayen abokan nasa biyu: Fleetwood Mac. Ke nan da kuɗin maigida aka haifi ƙungiyar da za ta raba shi da mutum uku. Green ya fita a tsakiyar 1967, sabuwar ƙungiyarsa ta fara wasa a bikin Windsor a watan Agusta. McVie ya ɗan yi jinkiri domin albashin Mayall tabbatacce ne, amma da ya ga an shigo da masu busa ƙaho kiɗan yana karkata ga jaz, shi ma ya bi su bayan shekara huɗu a gidan.

Na uku, Mick Taylor, ya shigo yana ɗan shekara 18. Mayall ya san shi ne tun wani dare da Clapton bai zo wurin wasa ba, yaron ya fito daga cikin 'yan kallo ya nemi a ba shi jita. Ya fi sauran biyun daɗewa, da shi aka yi Crusade a 1967, da Bare Wires da Blues from Laurel Canyon a 1968. Bare Wires ya kai matsayi na 3 a Birtaniya, mafi girman da ƙungiyar ta taɓa samu. Mutum uku daga cikin waɗanda suka yi shi, Jon Hiseman da Dick Heckstall-Smith da Tony Reeves, suka fita suka kafa Colosseum. Andy Fraser, wanda ya ɗan riƙe bes yana ɗan shekara 15, ya tafi Free. Da Rolling Stones suka rabu da Brian Jones a 1969, Mayall da kansa ya ba Mick Jagger sunan Taylor. Ranar 5 ga Yuli yaron ya hau dandamali da su a Hyde Park gaban dubun dubatar mutane.

Ƙaura zuwa Amurka

Mai neman kuɗi da ya wayi gari a 1969 da sunan da ya yi ƙaurin fitar da gwanayen jita, sai ya nemo na huɗu ya ci gaba. Mayall, wanda ya riga ya ajiye sunan Bluesbreakers, ya cire ganguna gaba ɗaya, ya cire jitar lantarki mai ƙara. Ya haɗa Jon Mark a jitar katako, Johnny Almond a kayan busa, Steve Thompson a bes. A lokacin da ƙungiyoyin rok ke gasar wanda ya fi wani ƙara, shi ya rage murya. An ɗauki faifan The Turning Point kai tsaye a zauren Fillmore East na New York a Yulin 1969, a cikinsa kuma akwai Room to Move, wasan hamonika da baki wanda ya zama abin da aka fi saninsa da shi. Faifan ya karɓu ƙwarai a Amurka.

Daga nan ya tare a unguwar Laurel Canyon ta Los Angeles, ya fara aiki da Amurkawa. USA Union na 1970 ya haɗa Harvey Mandel da Larry Taylor, waɗanda suka fito daga Canned Heat, da Sugarcane Harris mai gogen Turawa. Jazz Blues Fusion na 1972 ya shigo da Blue Mitchell mai busa ƙaho. Baturen Ingila da ya koyi kiɗan daga faifai yanzu yana tsaye a dandamali ɗaya da baƙaƙen fatar da suka gaje shi a gida.

Ƙarshen shekarun 1970 ya zo da tsanani. Kasuwa ta koma ga disko da sababbin salon rok, faya-fayansa suka daina shiga jerin waɗanda ake saye. A 1979 gobarar daji ta cinye gidansa na Laurel Canyon, ta tafi da faya-fayai da kaset-kaset da littattafan da ya daɗe yana rubuta abubuwan yau da kullum a ciki. Ga mutumin da ya gina sana'arsa a kan tarin faya-fayai, wannan asara ta wuce ta gini. Bai daina yawon kiɗa ba, sai dai zaurukan sun ƙanƙance.

Dawowar suna

A 1982 ya sake haɗuwa da Taylor da McVie da mai ganga Colin Allen suka yi rangadi. Karɓuwar da suka samu ta nuna masa cewa sunan Bluesbreakers yana da sauran daraja, a 1984 kuma ya farfaɗo da shi da sababbin mutane. Wannan zango na biyu bai samu rabin rubutun da aka yi kan na farko ba, alhali ya ninka shi tsawo sau huɗu, kuma shi ne ya fi nuna ma'anar ƙungiyar da ke rayuwa da aikinta.

Coco Montoya tsohon mai gangar Albert Collins ne, wanda ya koyi jita a hannun maigidan nasa, ya kuma koma aikin sayar da abin sha kafin Mayall ya ji kiɗansa ya kira shi. Walter Trout ya zo daga Canned Heat. Su biyun suka riƙa musayar jita a dandamali har Trout ya fita a 1989, Montoya kuma a 1993, kowannensu ya kafa tasa ƙungiyar da ke aiki har yau. Buddy Whittington na Texas ya gaje su ya yi shekara 15. Mai ganga Joe Yuele ya zauna sama da shekara 20, fiye da duk wani da ya taɓa zama a gidan. Waɗannan ba su cika filin ƙwallo ba. Sun yi rayuwar mota da otal, daga kulob zuwa bikin kiɗa, daga Amurka zuwa Turai, shekara bayan shekara. Waɗanda suka halarci wasannin Mayall a tsufansa sun saba ganinsa kafin a fara yana zaune a teburin bakin ƙofa yana sayar da faya-fayansa da hannunsa, ko yana jera kayan kiɗansa a dandamali.

A Yulin 2003 aka yi bikin cikarsa shekara 70 a Liverpool, Clapton da Taylor da Chris Barber suka hau dandamali tare da shi. A 2005 Birtaniya ta ba shi lambar girmamawa ta OBE. A 2008 ya sake ajiye sunan Bluesbreakers da niyyar rage aiki, amma cikin 'yan watanni ya haɗa wata ƙungiya da Rocky Athas da Greg Rzab da Jay Davenport. A 2018, yana da shekara 84, ya ɗauki Carolyn Wonderland ta Texas, mace ta farko da ta riƙe gurbin da Clapton da Green da Taylor suka taɓa riƙewa. Faifansa na ƙarshe, The Sun Is Shining Down, ya fito a 2022, shekarar da ya daina rangadi. Ya rasu a gidansa na Kalifoniya ranar 22 ga Yulin 2024 yana da shekara 90, 'yan watanni bayan an sanar da shigar da shi zauren girmama gwarazan kiɗan rok na Amurka, tare da Alexis Korner da ya fara kiransa Landan.

Bashin da ke wuya

Ba a kammala wannan tarihi da adalci ba sai an faɗi abin da ke ƙarƙashinsa. Samarin Ingila sun ɗauki kiɗan talakawan baƙaƙen fata, suka mayar da shi Amurka, suka samu dukiyar da masu shi ba su taɓa gani ba. Wasu ƙungiyoyin zamanin har sun sa sunayensu a kan waƙoƙin da ba nasu ba, sai da aka kai ƙara kotu. J.B. Lenoir, wanda ya rera waƙoƙi kan wariyar launin fata a Alabama da yaƙin Vietnam, bai iya rayuwa da kiɗa kaɗai ba, yana haɗawa da aikin ɗakin girki har ya rasu a 1967 bayan haɗarin mota.

Mayall yana cikin waɗanda suka ci moriyar wannan rashin daidaito, babu musu. Abin da za a faɗa a kansa shi ne bai ɓoye inda ya ɗebo ba. Yakan rubuta sunan mai waƙa a jikin faifai, yakan ambace shi a dandamali. Faifan Crusade kira ne ga masu saurare su nemi masu kiɗan na asali, a cikinsa kuma ya yi wa Lenoir waƙar ta'aziyya da ta sa dubban matasan Turai suka fara jin sunansa. Ambato ba ya biyan kuɗin haya, amma ya buɗe wa irin su B.B. King da Freddie King da Albert King ƙofar zaurukan da a da ba a gayyatarsu, inda yaran da suka san su ta hanyar jitar Clapton da Green suka zo ganin tushen.

Kammalawa

Ana iya kallon Bluesbreakers a ce ƙungiya ce da ta kasa riƙe mutanenta. Alƙaluman tarihi sun nuna wani abu daban. Cream ta yi shekara biyu da 'yan watanni ta watse. Green ya bar Fleetwood Mac a 1970, Taylor ya bar Rolling Stones a 1974. Mayall kuwa ya yi kusan shekara 60 yana jagorantar ƙungiya, domin bai taɓa jingina ta a kan mutum ɗaya ba. Yakan ɗauki makaɗi don abin da yake da shi, ya ba shi fili ya faɗaɗa, ya kuma sauya kiɗan gidan ya dace da sabon hannu. Shi ya sa faifan Green bai yi kama da na Clapton ba, na Taylor kuma bai yi kama da na Green ba. Da yaro ya ƙoshi ya nemi tafiya, maigidan ya riga ya san inda zai samo wani.

Wannan tsari yana da farashi, Mayall kuma ya biya. Bai taɓa yin waƙar da ta mamaye rediyo ba, bai ci kyautar Grammy ba duk da an sa shi takara sau biyu, muryarsa da waƙoƙin da ya rubuta sun zauna a inuwar jitar yaransa. Wanda ya auna shi da ma'aunin taurari zai same shi a baya. Wanda ya auna shi da ma'aunin masu sana'a zai ƙirga waɗanda suka shiga gidansa ba a san su ba suka fita da abin yi a hannu, daga ɗan ofishin haraji na 1963 zuwa matar Texas ta 2018, sannan ya duba ko akwai wani gida a tarihin wannan kiɗa da ya yaye kwatankwacinsu.